Zare, Ƙyalle da Jinsi: Tarihin Tufa daga Gonakin Hasahisa zuwa Zaurukan Baje Koli

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2024, a babban bikin baje kolin fasaha da ake yi duk bayan shekara biyu a birnin Benis na ƙasar Italiya, wani ɗan asalin Sudan mai suna Ahmed Umar ya gabatar da rawar amare ta ƙasarsu, yana sanye da ado irin na amarya. 'Yan kallo suka yaba, jaridu suka rubuta. Shekara 14 kafin wannan, wato a watan Agusta na 2010, wata kotu a Khartum ta sa an yi wa samari 19 bulala talatin-talatin a bainar jama'a, saboda an same su a wurin wani biki sanye da kayan mata. Tufar iri ɗaya ce, amma a wuri ɗaya ta jawo tafi, a ɗayan kuma ta jawo bulala.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin tarihin da ya sa ƙyalle, abin da ba shi da rai, ya sami irin wannan ƙarfi. Za a fara da audugar yankin Jazira, inda dubban Hausawa suka yi zama a ƙauyukan da ke kewaye da Hasahisa da Wad Madani da Sinnar. Daga nan za a duba tufafin bori da na zar, sai al'amarin 'yan daudu, sai dokokin da aka kafa a kan sutura. A ƙarshe za a waiwayi masu fasahar zamani waɗanda suka mayar da ƙyalle mutum-mutumi don su yi magana a kan jinsi. Manufar ita ce ɗalibi ya ga cewa abin da ake nunawa yau a zaurukan Turai yana da tsohon tushe a wuraren da Bahaushe ya sani.

2.0 Waiwaye a kan Wasu Kalmomi

Kafin a shiga tarihi, yana da kyau ɗalibin harshe ya tsaya a kan kalmar “sutura”. Asalinta daga Larabci ne, daga tushen da ke nufin rufewa. Bahaushe yana amfani da ita ta hanya uku: tufar da ake sawa, rufin asirin mutum, da kuma shirya mamaci zuwa makwancinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a tunanin Bahaushe tufa da mutunci a daure suke da juna tun daga zanen goyo har zuwa likkafani.

Haka kuma kalmar “naɗi”. Mutum yakan shiga fada a matsayin talaka, a naɗa masa rawani, a yafa masa alkyabba, ya fito hakimi. Jikinsa bai sauya ba, amma daga ranar gaisuwar da ake yi masa ta sauya. Ke nan ƙyalle yana iya ba mutum matsayin da ba shi da shi jiya. Sai dai Bahaushe yana da shakka a kan wannan ƙarfi, shi ya sa ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Kalma ta uku ita ce “mutum-mutumi”, wato siffar da aka yi ta yi kama da mutum. Manomi yana yin irinta da tsumma da kara don korar tsuntsaye, yarinya kuma tana yin 'yar tsana da guntun atamfa. Idan aka ce fasahar mutum-mutumin ƙyalle, ana nufin aikin masu fasaha da ke gina siffa mai tsayi da faɗi da kauri ta hanyar ɗinki, saƙa, ƙulli ko naɗi, maimakon sassaƙar itace ko dutse.

3.0 Auduga da Hausawan Jazira

Hausawa sun daɗe suna ratsa ƙasar Sudan a hanyarsu ta zuwa Makka. Amma babbar hijira ta biyo bayan yaƙin Burmi na ranar 27 ga Yuli, 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajejen 1906. Garin da ya kafa yana ɗauke da sunansa har yau, wato Mai Wurno.

A shekarar 1925 aka gama gina madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman rani na Jazira, wanda daga baya, da aka haɗa da yankin Manaƙil, ya kai kimanin fadan miliyan biyu. Babban abin da Turawa ke so shi ne auduga mai dogon gashi don masaƙun yankin Lankasha na Ingila. An raba gonaki, waɗanda ake kira “hawasha”, ga mutanen yankin. Aikin noma da tsinkar auduga kuwa ya dogara ƙwarai a kan baƙi, kuma mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda Larabawan Sudan ke haɗa su duka a ƙarƙashin sunan “Fallata”, suna daga cikin waɗanda aka fi dogara da su. Da yawa sun zauna a ƙananan matsugunai a gefen magudanan ruwa, waɗanda ake kira “kambo”. Mark Duffield ya yi nazarin Mai Wurno a littafinsa na 1981, C. Bawa Yamba kuma ya nuna a 1995 yadda jikokin mahajjata a Jazira ke ci gaba da ɗaukar kansu matafiya zuwa Makka ko da a nan aka haifi iyayensu.

Hasahisa, wadda ke yammacin Shuɗin Nilu tana fuskantar Rufa'a, ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin gurzar auduga na shirin. A tsakiyar shekarun 1970 ƙasar Sin ta taimaka aka gina masaƙar da ake kira Masaƙar Abota a garin. Saboda haka a wuri ɗaya ana iya bin auduga tun daga kwando har zuwa yadi.

Baƙin da suka zo daga ƙasar Hausa ba su kasance baƙi ga wannan sana'a ba. Sun baro ƙasar da mata ke kaɗi da mazari, maza ke saƙar sawaye, marina ke turin shuni, ƙasar da matafiyin nan Barth ya yaba wa kasuwar tufafinta lokacin da ya shiga Kano a 1851. A Sudan kuma sun tarar da “damur”, saƙar hannu ta farar auduga wadda ta taɓa zama kuɗin ciniki a zamanin daular Sinnar. Sannu a hankali maza suka ɗauki jallabiya da rawanin Sudan, mata suka ɗauki lulluɓin da ake kira “tob”. Al-Amin Abu-Manga, a littafinsa na 1999, ya bayyana yadda Hausar Sudan ta rinƙa jingina da Larabci. Abin da ya faru ga harshe ya faru ga tufa: baƙon da ake gane shi daga nesa ta rigarsa yakan sauya rigar don ya sami shiga.

4.0 Tufafin Iskoki: Bori da Zar

A bori, wanda iska ke hawa ana kiransa doki idan namiji ne, godiya idan mace ce. Kowane iska yana da kiɗansa, kirarinsa da kayansa. Malam Alhaji yakan fito cikin farar riga, da carbi, yana tari irin na tsoho. Ɗan Galadima kuwa ɗan sarki ne mai son ado: riga mai tsada, rawani, turare da goro, ga caca, ga kyauta ba lissafi. Abin lura a nan shi ne iska ba ya zaɓen doki bisa jinsi. Mace tana iya sa babbar riga ta zama Malam Alhaji, 'yan kallo su rusuna su gaishe ta da “Allah ya gafarta malam”. Namiji kuma yana iya ɗaura zane idan mace ce ta hau shi. Da an cire kayan, mutum ya koma yadda yake.

Masu jihadi sun yaƙi bori, amma sun san ƙarfin kayansa. Jean Boyd ta nuna a 1989 cewa Nana Asma'u, da ta kafa tsarin 'yan taru don karantar da matan karkara, ta rinƙa naɗa wa kowace jaji malfa tare da jan ƙyalle. Malfa hular maza ce, kuma tana daga cikin alamun Inna, shugabar bori a Gobir. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani, ta ɗora mata sabuwar ma'ana.

A kwarin Nilu akwai makamancin bori, wato zar. Reshensa da ya fi yaɗuwa tsakanin mata ana kiransa “zar bori”, kuma masana sun yi saɓani a kan ko sunan daga Hausa ya samo asali. Janice Boddy, wadda ta yi bincike a wani ƙauye a arewacin Sudan, ta bayyana a 1989 cewa waƙar kiran kowane iska ana ce mata “khait”, ma'ana zare, kuma idan za a rera ta sai a ce za a ja zaren. Iskokin zar baƙi ne: akwai shehunai, akwai Habashawa, akwai pashoshin Turkawa masu jar dara, akwai Turawa masu hular hana salla da taba sigari, akwai ma Fallata. Matar aure mai kunya, wadda a gida ba ta ɗaga murya, sai ta sa wando da kwat ta riƙe sanda ta yi tafiyar ƙasaita. Akwai kuma Luliya, Bahabashiya, wadda ke neman a yi mata adon amarya ta yi rawar amare.

Susan Kenyon ta shafe shekaru tana nazarin zar a garin Sinnar, maƙwabcin Mai Wurno, tun daga farkon shekarun 1980. Pamela Constantinides kuma, da ta yi aiki a yankin Khartum da Omdurman, ta lura cewa 'yan tsirarun mazan da ke lizimtar zar bori, jama'a na yi musu kallon masu ɗabi'ar mata, kuma wasu daga cikinsu sukan kai ga shugabanci. A taƙaice, a bori da zar an sami fili, mai iyaka da lokaci, inda jama'a suka yarda tufa ta ƙetare layin da ke tsakanin namiji da mace, da sharaɗin cewa iska ne ya nema.

5.0 'Yan Daudu

Fremont Besmer, a littafinsa na 1983 a kan borin Kano, ya danganta kalmar “daudu” da kirarin Galadima, musamman iskan nan Ɗan Galadima. Idan haka ne, sunan ya fito ne daga fagen bori, inda 'yan daudu suka daɗe suna taimakawa da girki, rawa da hidimar biki.

Ɗan daudu namiji ne da ke ɗaukar wasu ɗabi'u da sana'o'in da al'ada ta keɓe wa mata. An fi sanin su da sayar da abinci a kasuwa da tasha, da zama a gidajen mata masu zaman kansu, da habaici da karin magana. Ta fuskar tufa, yawanci ba cikakkiyar shigar mata suke yi ba. Sau da yawa zane ne a ɗaure a kan riga da wando lokacin aiki, ko ɗankwali a wurin biki. Ƙaramin ƙyalle ne, amma ya isa ya sauya yadda ake kallon mutum.

A nan ya kamata ɗalibi ya yi hattara wajen fassara. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990 ya kuma fitar da littafinsa a 2009, ya nuna cewa daudu da luwaɗi ba abu ɗaya ba ne. Daudu magana ce ta ɗabi'a, sana'a da salon harshe. Da yawa daga cikin 'yan daudu suna aure, suna haihuwa, suna salla, suna zuwa hajji. Akwai kuma mazan da ke neman maza alhali ba wanda zai kira su 'yan daudu. Saboda haka wanda ya ɗauki kalmomin Ingilishi na zamani ya ɗora su kai tsaye a kan ɗan daudu zai ɓata ma'ana ta ɓangarori biyu. Gaudio ya kuma nuna cewa wasu 'yan daudu sun yi zama a Jidda suna sana'a, sun dawo da Larabci a bakinsu. Wato su ma suna cikin tarihin doguwar hanyar gabas, wadda ta haifar da ƙauyukan Jazira.

6.0 Tufa a Gaban Alƙali

Malamai sun daɗe suna hani ga namiji ya yi kama da mace ko mace ta yi kama da namiji, suna kafa hujja da hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas, kuma mafi yawan al'ummar Hausawa a kan wannan fahimta suke. Abin da ya sauya a ƙarni na 20 shi ne shigar gwamnati cikin maganar. Kundin laifuka na Jihar Arewa na 1960 ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. Bayan ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, Jihar Kano ta kafa dokar da ta haramta wa namiji kwaikwayon mata a shiga ko ɗabi'a. A watan Agusta na 2007 an kama maza 18 a Bauchi bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 kuma Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi.

A Sudan, sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991 ya tanadi bulala har 40 ga wanda ya yi shigar da aka ga ta saɓa wa tarbiyya. Da shi aka gurfanar da 'yar jarida Lubna Husaini a 2009 saboda ta sa wando. A shekarun 1990 hukuma ta kuma matsa wa bukukuwan zar. Bayan faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019, gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokar kula da tarbiyyar jama'a a Nuwamban wannan shekara. A Yulin 2020 aka cire hukuncin kisa da na bulala daga sashen da ya shafi luwaɗi, aka bar ɗauri.

Abin da ɗalibin tarihi zai lura da shi shi ne, a yawancin waɗannan shari'o'i tufa ce shaida. Alƙali ba ya ganin zuciya, amma yana ganin zane da wando.

7.0 Masu Fasahar Ƙyalle

Daga wannan mahangar za a fi fahimtar dalilin da ya sa masu fasaha da ke magana a kan jinsi suka rungumi allura da zare. A Turai da Amurka an daɗe ana ɗaukar sassaƙar dutse aikin maza mai daraja, ɗinki kuma aikin mata na cikin gida. Zaɓen ƙyalle kansa ya zama martani.

A watan Oktoba na 1987 aka shimfiɗa wani ƙaton bargo a tsakiyar birnin Washington don tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, a lokacin da yawancinsu maza ne masu neman maza, kuma wasu danginsu suna jin kunyar ambaton su. Cleve Jones ne ya kawo shawarar. Bargon ya fara da ƙyallaye 1,920, kowanne ƙafa uku a faɗi, shida a tsawo, wato girman kabari. Yau sun kai kusan 50,000. Bahaushe zai gane wannan da sauri: sutura ce aka yi wa waɗanda aka ƙi yi wa sutura.

Yinka Shonibare, wanda aka haifa a Landan a 1962 ya kuma tashi a Legas, yana yin mutum-mutumi marasa kai, ya ɗinka musu kaya irin na manyan Ingila na ƙarni na 19, amma da atamfa. A aikinsa na 1999 mai suna Gay Victorians ya tsayar da mata biyu cikin irin wannan shiga. Atamfar da muke ɗauka tamu ce, salon rininta daga Indonesiya yake, kuma a Holan da Manchesta aka rinƙa buga ta. Manchesta kuwa ita ce cibiyar cinikin masaƙun da audugar Jazira ke tafiya. Shonibare yana tambaya ne: idan ƙyallen da ke nuna “asali” shi kansa ɗan aro ne, wa ke da ikon cewa wannan ɗabi'a ta gida ce, waccan baƙuwa?

Nicholas Hlobo na Afirka ta Kudu, wanda aka haifa a 1975, yana ɗinke tsohuwar robar cikin taya da kirtanin ado mai laushi irin na kayan mata, ya gina manyan siffofi, ya ba su sunaye da harshensa na Xhosa. Baƙar roba mai tauri da zare mai sheƙi suna haɗuwa a ɗinki ɗaya, kuma ba ya ɓoye ɗinkin. An nuna aikinsa a Benis a 2011.

Ahmed Umar, wanda aka buɗe wannan maƙala da shi, an haife shi a 1988, ya yi ƙuruciya tsakanin Sudan da Makka, ya isa Norwe a matsayin ɗan gudun hijira a 2008, daga baya ya bayyana a fili cewa shi mai neman maza ne. Sunan aikinsa Talitin yana nufin “na uku”, daga gorin da ake yi wa yaron da ke liƙe wa 'yan mata, a ce shi ne na ukunsu. Rawar amare a Sudan ta mata ce, ango ne kaɗai namijin da ake bari ya kalla, kuma yaro yakan daina shiga wurin da zarar ya fara girma. Umar ya ɗauki gorin ya mayar da shi suna, ya kuma sa adon da aka kore shi daga kallonsa. Bambancinsa da matar da Luliya ta hau shi ne, shi bai ce iska ne ya nema ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda auduga ta tara Hausawa a Jazira, yadda bori da zar suka ba tufa ikon sauya mai sa ta na ɗan lokaci, yadda ɗan daudu ya fito da guntun wannan iko zuwa kasuwa, da yadda doka ta mayar da zane shaidar laifi. Masu fasahar zamani sun cire uzurin iska, sun sa sunayensu a ƙarƙashin aikin, kuma a nan ne saɓaninsu da al'ummominsu ya fi tsanani. Ɗalibi yana iya yarda da su ko ya ƙi, amma aikinsa na farko shi ne ya san ma'anar kowace kalma a wurinta da zamaninta.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya isa Jazira a Disamban wannan shekara, ya tarwatsa mutanen Wad Madani da Hasahisa da ƙauyukansu, kafin sojoji su sake karɓar garuruwan a farkon 2025. Da yawa daga cikin tsofaffin da suka san tarihin tsinkar auduga, da sunayen zaren kowane iska, sun watse zuwa wasu wurare. Tattara abin da ke bakinsu aiki ne da ke jiran ɗaliban Hausa.

9.0 Tambayoyin Bita

1. Kawo ma'anoni uku na kalmar “sutura”, ka sa kowace a cikin jimla.
2. Bayyana dangantakar yaƙin Burmi da kafuwar ƙauyukan Hausawa a bakin Shuɗin Nilu.
3. Wace matsala mai fassara zai fuskanta idan ya zo juya kalmar “ɗan daudu” zuwa wani harshe?
4. Kwatanta matsayin tufa a bori da matsayinta a aikin ɗaya daga cikin masu fasahar da aka ambata.